Leburana Ɗan Magaji

Tun a Tawa ta ƙasar Nijar na gane cewa ba neman arziki na fito ba, reno na fito. Mu shida ne 'yan yanki ɗaya a tafiyar Aljeriya. Ni ne Lawali, birkila daga wani ƙauye tsakanin Ƙaura da Zurmi. Akwai Mamman na Jangeru, dattijon da ɓarayin daji suka kore wa shanu, akwai wasu uku 'yan Shinkafi, sai kuma Aminu, ɗan Magajin garinmu, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ɗaga abin da ya fi cokali nauyi ba. Hotunan abokansa ya gani a waya suna tsaye gaban dogayen gine-gine, shi ma ya ce sai ya je. Da Magaji ya gaji da hana shi, sai ya sa aka kira ni.

Magana biyu kawai ya yi mini. Ta farko, "Lawali, ga ƙanenka nan, yadda kat tahi da shi haka nika son ka maido man shi." Ta biyu kuma, yana duban farcensa, "Innarka na nan tana noman gonarmu ta bakin gari ko?"

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ɗauka gaisuwa ce. Gonar nan aro ce daga gidan Magaji tun zamanin kakana, kuma tun da daji ya lalace ba mai zuwa gonakin nesa, ita kaɗai ce muke iya nomawa mu dawo gida da ƙafafunmu. Daga ita Inna ke ci, daga ita matata da 'ya'yana uku ke ci. Saboda haka a duk tsawon tafiyar nan, in na dubi Aminu ba mutum nake gani ba, gona nake gani sanye da shadda.

A Tawa muka sayi shinkafa da wake a tasha. Yunwa kamar ta kashe mu, amma ba wanda ya sa hannu sai da Aminu ya wanke nasa, ya tsince naman da ke sama, ya ɗanɗana, ya ce gishiri ya yi yawa. 'Yan Shinkafin nan ba talakawan babansa ba ne, ba su ma taɓa jin sunan garinmu ba, amma da suka ga ina durƙusawa in miƙa masa buta, su ma sai gwiwarsu ta tuna aikinta. Haka muke. In dai an ce wane ɗan sarauta ne, ko a kan wata aka haɗu za a nemi inda za a tuɓe takalmi.

Kwana biyar muka yi a Agadas muna jiran mota, a wani gida da aka tara matafiya fiye da yadda katangarsa za ta iya ɗauka. A nan wani ɗan duniya ya ji muna cewa "ranka shi daɗe", kafin azahar ya rikiɗe ya zama maroƙi. Ya tsaya a kan Aminu yana zuba kirari, yana lissafo kakannin da shi Aminun ma bai san yana da su ba. Kan Aminu ya fasu. Ɗan sarauta ba a yi masa kirari ya tashi hannu sake, sai ya waiwaya, ya ɗauki bargo ya miƙa wa mutumin da hannu ɗaya, ko kallonsa bai yi ba. Bargona ne. Na buɗe baki, na tuna gona, na ce, "An gode, Allah shi ja zamani." Wata mai fura da ke kallon abin daga bakin ƙofa ta yi dariya har ta riƙe ciki, washegari ta kawo mini wani tsohon zane mai kauri, ta ce in rufa, sanyin hanya ba ya jin kirari. Har yau ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Motar da muka samu buɗaɗɗiya ce, an cusa mu a baya kusan mu ashirin, kowa da sanda tsakanin ƙafafunsa yana riƙe don kada ya faɗo. Aminu kuwa yana gaba kusa da direba, wani Buzu mai suna Illa. Ba wanda ya ce a ba shi gaba, kowa dai ya matsa ne, kujerar ta rage babu kowa, ya shiga.

Da hantsin rana ta biyu muka iso wani shinge a tsakiyar rairayi: igiya, ganga biyu, rumfa, da ɗan ɗakin kwano a gefe. Babban jami'in wurin, wanda kowa ke kira Shef, yana zaune a rumfa yana shan shayi. Yanzu da nake tuna abin, nakan sa kaina a kujerarsa in ga abin da ya gani. Mota ta tsaya. Wani ƙato, wato ni, ya diro da gudu ya buɗe ƙofar gaba, ya tuɓe takalmi a kan rairayi mai zafi, ya durƙusa da buta. Wani dattijo ya shimfiɗa darduma. Sai ga saurayi ya fito da shadda da baƙin tabarau, ya wanke fuska, mutum biyar suka zaro katunansu na shaida suka miƙa masa da hannu bibbiyu. A wajenmu ai ƙarami ba ya magana da hukuma alhali babba yana wurin. Ya tattara kati shida a hannu ya nufi rumfa yana taku ɗai-ɗai, mu muna biye da shi a baya, kai a sunkuye.

Shef ya ajiye kofi. "Kai ka kawo mutanen nan?"

"Ni na," in ji Aminu. "Duk ƙarƙashina suke."

"Ka daɗe kana wannan aikin?"

"Haba, Shef. Gidanmu tun kakanni mu ka jan mutane."

Shef ya yi murmushi irin na wanda aka kawo wa abinci har gado. Ya ce wata da watanni suna neman masu safarar mutane, ba su taɓa samun wanda ya kawo kansa da shadda ba. Kafin mu gane abin da ke faruwa an cire wa Aminu tabarau an tura shi ɗakin kwano, aka ce gobe za a mayar da shi Agadas gaban alƙali.

Illa direba ya ja ni bayan mota, ransa a ɓace. Ya ce shekara goma sha yana bin hanyar nan, bai taɓa ganin fasinjojin da suka sa aka kama mutuminsu da ladabi ba sai mu. Ya ce in aka kai shi Agadas sai dai mu riƙa kai masa abinci shekara biyu ko uku, kuma shi da la'asar zai tayar da mota, da mu ko ba mu.

Na zauna a inuwar taya. Wallahi ba Aminu na fara tausaya wa ba. Inna na gani tsaye a bakin gona da fartanya, wani yana ce mata Magaji ya ce a dakata. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Mamman ya zo ya tsuguna kusa da ni yana tauna ɗan icen asuwaki. Can ya ce, "A rugarmu an yi wani bawan Allah, zazzaɓi yat taɓa mai kai, shina cewa shi sarki na. Kowa durƙusa mai shikai don a zamna lahiya."

Na dube shi, ya dube ni, ya tofar da icen.

Na sa takalmina, na tafi rumfa, na tsaya a tsaye. Na ce, "Shef, yaron nan ba shi da lafiya. Leburana ne. Tun da ya faɗo daga kan gini yake ganin shi ɗan sarauta ne. In ba a durƙusa masa ba sai ya ƙi cin abinci, in ba a ba shi gaban mota ba sai ya yi ta kuka. Katunan ma don ya yi shiru muke ba shi ya riƙe."

Shef ya kalle ni sama da ƙasa, ya sa aka fito da shi. Ɗakin kwano ya riga ya dafa shi, gumi har gwiwa.

"Kai wane ne?" in ji Shef.

Aminu ya miƙe wuya. Ya ce shi ne Aminu ɗan Magaji, jikan Magaji, ya hau lissafo kakanni, har da waɗanda maroƙin Agadas ya ƙara masa a kan bargona. Ya ce in babansa ya ji labarin nan, shingen nan gaba ɗaya sai an tashe shi. Sannan ya juyo gare ni. "Lawali, hwaɗa mai ko ni wa na."

Na durƙusa na ce, "Awo, ranka shi daɗe, kai na, ba wani," na ɗaga ido na dubi Shef na ɗan karkatar da kai.

"Allah sarki," in ji Shef. "Kullum haka yake?"

"Yau ma da sauƙi."

Amma Shef ba yaro ba ne. Ya nuna wata jarkar ruwa a bakin ganga ya ce in dai leburana ne, in sa shi aiki ya gani. Jama'a, na ɗora bulo a hawa na uku ba tare da igiya ba, amma ban taɓa yin aikin da ya kai buɗe bakina a lokacin nan wuya ba. Tun da nake ban taɓa kiran sunansa tsirara ba. Na miƙe, na gyara murya, na ce, "Aminu, ɗauko jarkac can ka kawo nan."

Ya dube ni kamar na mare shi. Ya dubi ɗakin kwano, ya dubi hanyar Agadas, ya sake dubana. Aminu sangartacce ne amma ba wawa ba ne. Ya tafi ya rungumi jarkar kamar jariri, ya taho yana tangaɗi, ruwa na zuba a kan shadda.

"Wannan ne lebura?" in ji Shef.

"Ciwon ya mantar da shi aikin."

Shef ya yi mini faɗa sosai, ya ce ba ni da imani da zan ɗauko marar lafiya in shigo da shi sahara. Ya ba Aminu dabino cike da hannu, ya shafa kansa, ya ce a sa shi baya kusa da ni in riƙe shi da kyau. Kujerar gaba kuma ya sa aka ba wata tsohuwa da tun jiya take riƙe da sanda ba wanda ya lura da ita. Kwana biyu Aminu bai yi mini magana ba. A rana ta uku, leɓensa duk ya tsage, ya ce a hankali, "In munka koma gida sai na hwaɗa ma Baba ka ce man mahaukaci." Na ce to. Na fitar da gona daga ɗakin kwano na sa ta a bakin Aminu.

A Tamanraset ta Aljeriya ba a tambayar ɗan wane ne kai. Da sassafe ake tsayawa a bakin titi, baƙaƙen fata daga ƙasashe goma, masu gini su zo da mota su ce a buɗe tafin hannu. Wani Balarabe mai suna Si Bashir ya murza nawa, ya ji kanta, ya ba ni bulo biyar ya ce in jera, na jera, ya ce in hau mota. Ya kama na Aminu, ya juya shi, ya kira direbansa ya zo ya gani, suka yi ta dariya. Na ce leburana ne, ba na aiki sai da shi. Ƙaryar da na yi a shinge ta zama gaskiya, har da hular kwano.

Sai muka shiga zama iri biyu. A wurin gini ni ne Mu'allim, wato babban magini, ina sama ina kiran kwaɓin siminti, Aminu yana ƙasa da shebur. In mun koma ɗakin da muke haya mu shida, sai in tuɓe takalmi in durƙusa in ce, "Ranka shi daɗe, an wuni lahiya?" Shi kuma, siminti har cikin kunne, ya jingina da bango ya ce, "Lahiya lau, Lawali, ya aiki?" kamar ba tare muka yi ba. 'Yan Shinkafi sukan fita waje su yi dariyarsu su dawo.

Zan faɗi abin da ba na son faɗi. Abin ya yi mini daɗi. Wata na farko ina kiran sunansa ina istigfari, wata na uku kuwa ko kwaɓin ya yi daidai sai in ce ya yi ruwa a sake. Na fara aikensa sayen shayi. Na fara cin naman sama. Wata rana na bar shi a rana yana tankaɗe yashin da ba a bukata, don kawai in ga ɗan Magaji yana tankaɗe, ina inuwa ina tuna shekarun da babana ya yi yana noma gandun gidansu kafin ya taɓa tamu. Mamman, wanda yake gadin kayan aiki, ya zo ya tsaya kusa da ni ya ce, "Lawali, ashe kai ma Magaji na, gona ta ba ka da." Na ji kunya, na kira Aminu inuwa. Amma ban daina cin naman sama ba.

Can sama da mu duka kuma akwai Si Bashir, wanda bai taɓa koyon sunan ko ɗayanmu ba, kowa "kai baƙi" ne. In an ce masu kamen baƙin haure suna zagaye, ni da Aminu rami ɗaya muke faɗawa, kan wani a hammatar wani. A irin wannan ramin ne ya taɓa ce mini yana kewar tuwon dawa da miyar kuka, na ce ni ma, muka yi ta haɗiyar yawu. Kewar gida ta fi yunwa ciwo, don ita ba ta jin burodi.

A wata na takwas zazzaɓi ya kayar da ni. Si Bashir ya ce duk wanda ya yi kwana uku bai zo ba an maye gurbinsa. Aminu ya sa hulata, ya ja rawani ya rufe fuska, ya hau sama ya yi ta jera bulo a madadina, tunda a wajen Si Bashir duk kamarmu ɗaya. Katangar da ya yi tana nan kamar ta sha giya, amma ta tsaya. Da yamma ya dama mini kunu mai gudaji, ya tallafi kaina yana ba ni a cokali, hannunsa duk kanta.

"Lawali, wai haka kuka ji kullum? Mutum shi wuni aiki, wani shi zo shi ce bai yi ba?"

"Haka na, ranka shi daɗe."

Ya daɗe yana juya kunun. "Ba ni hwaɗa ma Baba. Kuma in Allah ya ba ni iko, gonag ga taku ta har abada, da shaidu."

Na yi kuka, ban ɓoye ba. Na ce zazzaɓi ne.

Bayan wata goma sha ɗaya aka aiko Magaji ba lafiya, muka juyo. Tun a tashar Ƙaura labari ya fara canza kaya. Motarmu na tsayawa Aminu ya sunkuya ya ɗauki jakata ya saɓa, don hannunsa ya saba, sai ya hango 'yan garinmu sun zo tarye, ya sauke ta a hankali ya miƙo mini tasa ma. Kafin mu isa gida an ce kwangilar gini yake a ƙasar Larabawa. Kafin sati an ce ma'aikata arba'in ne a ƙarƙashinsa, ni ne ƙaraminsu. Kantar hannunsa kuwa aka ce ta riƙon sitiyari ce. Da Magaji ya rasu, dattawa suka zauna zaɓe tsakanin Aminu da yayyensa biyu, suka kira ni shaida, suka ce da gaske ya iya riƙon jama'a? Na ce na ga jami'i da idona yana shafa kansa yana ba shi dabino. Ban yi ƙarya ba. Aka naɗa shi.

Na bari aka kwana arba'in, sannan na je zaurensa da hantsi. Ya sallami mutane, ya sauko daga kujera ya zauna kan tabarma kusa da ni, ya ce, "Mu'allim, dibi kusurwac can, wanda yay yi ginin ga bai san igiyar awo ba." Muka yi dariya har da hawaye. Da na ga fuska a sake, sai na ce na zo ne kan maganar gona, wadda aka yi a kan kunu.

Dariyar ta tsaya a hankali. Ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Lawali, Allah ya sani ba ni da aboki kamarka. Amma in na ba ka gonag ga, mi za ya hana ka ba da labarin Aljeriya?"

"Alƙawari, ranka shi daɗe. Sai in yi ma alƙawari."

"Ni ma na yi ma alƙawari," in ji shi, "ka ga inda yak kai."

Ya dafa kafaɗata ya ce in noma abina, muddin yana raye ba mai taɓa ni, kuma in gaishe da Inna. Na yi godiya na fito da baya-baya.

Ina sa takalmi a ƙofa wani tsoho cikin masu jiran gaisuwa ya riƙo rigata. "Ɗana, kai da kag gani da ido, wai da gaske Larabawa durƙusa mai sukai?"

"Har ƙasa, Baba," na ce.

Sunayen da ke cikin labarin nan duk na canza su, garin ma ban faɗa ba, don geron bana ya yi kyau ƙwarai kuma ba mu girbe ba tukuna.